Lambun Bayan Gida: Tushen Abinci Mai Gina Jiki a Kafanchan da Kudancin Jihar Kaduna

Gabatarwa

Hausawa sun ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Likitoci kuwa sun tabbatar da cewa kashi mai tsoka na wannan lafiya daga cikin tukunya yake fitowa. Mutum yana iya cika cikinsa da tuwo ko doya sau uku a yini, amma jikinsa ya kwana da yunwar waɗansu sinadarai waɗanda ba a samunsu da yawa sai a cikin ganye da kayan lambu da 'ya'yan itatuwa. Manufar wannan ƙasida ita ce bayyana wa jama'a yadda ɗan fili kaɗan a bayan ɗaki, ko fili ɗaya da unguwa ta haɗu a kansa, zai iya toshe wannan kafa. An ɗauki Kafanchan da kewayenta a matsayin misali, amma darasin ya shafi kowane gida a ƙasar nan.

Ƙasa mai albarka

Kafanchan ita ce hedkwatar Ƙaramar Hukumar Jama'a, kuma tana daga cikin manyan garuruwan kudancin Jihar Kaduna. Garin ya bunƙasa ne tun daga shekarar 1927, lokacin da ya zama mahaɗar hanyoyin jirgin ƙasa da suka taso daga Fatakwal da Kaduna da Jos. Jirgin ya kawo ma'aikata da 'yan kasuwa daga kusurwoyi dabam-dabam, suka zauna tare da Fantswam da Kaninkon da Bajju da mutanen Kagoro da Hausawa da Fulani. Kowace al'umma ta zo da irin miyarta. Shi ya sa a kasuwar garin ake samun yakuwa da karkashi da rama a gefe guda, ga kuma ugu da shuwaka a ɗaya gefen.

Allah ya hore wa yankin ruwan sama. Damina takan fara a watan Afrilu ta kai Oktoba, ruwan da ke sauka a shekara kuwa ya ninka na Katsina ko Sakkwato. Ƙoramu suna gangarowa daga duwatsun Kagoro da gefen tsaunukan Jos, waɗansunsu ba sa ƙafewa har cikin rani. A nan ake noma acca da tamba da dawa da masara, da doya da gwaza da rizga da dankali, da gyaɗa da waken soya. An daɗe da sanin matan Kafanchan da sana'ar daddawar waken soya. Uwa uba kuma citta, wadda Kachia da Kwoi da Kagarko da Jama'a da Zangon Kataf suka yi suna a kanta har ƙasashen waje.

Mai karatu zai iya tambaya: ƙasar da take da wannan arziki, me ya haɗa ta da maganar ƙarancin abinci mai gina jiki? Amsar tana cikin bambancin da ke tsakanin ƙoshi da gina jiki.

Ƙoshi daban, gina jiki daban

Hatsi da doya da rogo suna ba jiki ƙarfin aiki. Wake da gyaɗa da nama da kifi da ƙwai suna gina tsoka. Ganye da kayan lambu su ne ke kāre jiki daga cuta, domin a cikinsu ake samun bitamin da sinadarin ƙarfe da sauransu. Rashin bitamin A yana kawo dundumi, yana kuma raunana yaro har ƙyanda ko gudawa su kayar da shi da sauƙi. Rashin sinadarin ƙarfe yana kawo ƙarancin jini, wanda ke sa kasala da jiri, ya kuma jefa mai ciki cikin haɗari a ranar haihuwa.

Binciken lafiyar jama'a na ƙasa da aka gudanar a 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, watau tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. Kashi 68 cikin ɗari na yara masu wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini, haka kuma kashi 58 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49. Zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki suna da hannu a ciki, amma abinci ma yana da nasa babban kaso. Yaron da ya tsumbure kafin ya cika shekara biyu da wuya ya cim ma tsararrakinsa, ko a jiki ko a aji.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa babban mutum ya riƙa cin aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa kowace rana, ban da dankali da rogo da doya. Idan gida yana da manya shida, lissafin ya kama kilo 2.4 a rana, watau fiye da kilo 870 a shekara. Magidanci kaɗan ne zai iya sayen wannan duka a kasuwa. Bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin dakon kaya ya tashi, a tsakiyar 2024 kuma hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. Duk lokacin da kuɗin cefane ya gaza, kayan miya ne ake fara ragewa, domin hatsi ba ya raguwa.

Darasin citta da tumatir

A daminar 2023 wata cuta ta naman gwari ta auka wa gonakin citta a kudancin Kaduna. Ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a ƙasa, manoma da yawa suka rasa amfanin shekarar har da irin da za su shuka baɗi. Gidajen da suka dogara ga kuɗin citta kaɗai domin cefane sun ji jiki ƙwarai. Kafin wannan, a 2016, tsutsar tumatir da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki a arewa, har Gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir, farashin kwando ya ninka sau da yawa. Ga kuma rashin kwanciyar hankali, wanda a shekaru dabam-dabam ya hana mutanen waɗansu ƙauyuka zuwa gonakinsu na nesa.

Waɗannan al'amura uku darasinsu ɗaya ne. Gidan da yake da kayan miyarsa a ƙofar ɗaki ba ya rasa abin sawa a tukunya don kasuwa ta juya ko hanya ta toshe. Lambu ba zai maye gurbin gona ba, amma yana riƙe iyali kafin gona ta farfaɗo.

Ba yau aka fara ba

Kakanni sun san wannan dabara. A gidajen karkara na yankin akan bar wani gefe inda ake zuba shara da toka, a shuka gauta da kuɓewa da kabewa, yawanci a hannun mata. Hukuma ma ta sha yin kira. A watan Mayu na 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da Shirin Ciyar da Ƙasa, wanda aka fi sani da OFN, inda aka nemi kowane gida da makaranta da barikin soja su noma duk filin da ke kusa da su. A 1980 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kawo nata shirin bunƙasa noma. Daga farkon shekarun 1990 shirin Fadama ya taimaka wa manoman rani da rijiyoyi da injinan ban ruwa. A 2024 kuma ofishin uwargidan Shugaban Ƙasa, Sanata Oluremi Tinubu, ya shirya gasar kafa lambu a kowane gida.

A ƙasashen waje, mutanen Ingila sun mai da filayen wasa da na shaƙatawa lambuna a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A Amurka irin waɗannan lambuna sun kai kimanin miliyan 20. A Jamhuriyar Nijar, bayan farin 1984, gwamnatin Janar Seyni Kountché ta tsaya kai da fata a kan noman rani, wanda ya zama abin dogaro a ƙauyuka da yawa. A unguwar Kibera ta birnin Nairobi, inda babu fili ko taƙi ɗaya, mata suna noma ganye a cikin buhuna.

Abin da tarihi ya nuna shi ne, lambun da aka kafa don biki ko gasa yakan mutu da zarar an watse. Wanda yake ɗorewa shi ne wanda mai shi ya ɗanɗana amfaninsa a cikin miyarsa.

Yadda ake kafa lambu

Da farko a zaɓi wurin da rana ke samu aƙalla awa shida a yini, kusa da ruwa, nesa da masai da kwata. A kewaye shi da shinge kafin a zuba iri ko ƙwaya ɗaya, domin akuya da kaza da alade suna iya gamawa da aikin wata biyu a safiya ɗaya. Darnin kara ko na gora ya isa a farko. A dasa zogale a jikinsa, nan da shekara guda ya zama shinge mai rai kuma abin ci.

A fara da kaɗan. Fili mai tsawon mita 5 da faɗin mita 4 ya ishi mai koyo. A raba shi fangali-fangali, faɗin kowanne kada ya wuce mita 1.2, yadda hannu zai kai tsakiya ba tare da an taka ƙasar ba. A nan kudancin Kaduna ya bambanta da Kano ko Katsina. Saboda yawan ruwa, da damina wajibi ne a ɗaga fangalin sama kamar taƙi ɗaya don kada ruwa ya kwanta saiwa ta ruɓe. Inda wurin yake da gangare, a gicciye shi da kunya. Da rani sai a juya lamarin, a yi fangali mai ɗan zurfi wanda zai riƙe ruwa.

Alayyafo shi ne ya fi saurin biyan mai shi. A gauraya irinsa da yashi a yayyafa, cikin mako uku zuwa huɗu an fara tsinka. Idan ana shuka fangali ɗaya duk bayan mako biyu, gida ba zai yanke da ganye ba. Kuɓewa takan fara 'ya'ya cikin wata biyu. Tumatir da tattasai da attaruhu da gauta sai an rene su a wuri mai ɗan inuwa, sa'an nan a dashe su da yamma. Tumatir yakan isa dashe bayan mako uku zuwa huɗu, barkono kuwa ya fi haka jimawa. A bar kimanin santimita 50 tsakanin gindi da gindi, a kuma kafa wa tumatir sanda don kada 'ya'yansa su taɓa ƙasa. Ugu da kabewa a sa su a gindin shinge su hau.

Kowane lokaci da amfanin da ya dace da shi. Yakuwa da rama da lalo da kuɓewa da gauta da ugu suna son damina. Tumatir da albasa da kabeji da karas da latas sun fi yin kyau daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin sanyin hunturu, sa'ad da cututtukan ganye suka yi sauƙi. Ya kamata kuma a keɓe kunya biyu ko uku ga dankalin Hausa mai jan ciki, wanda cibiyar binciken saiwoyi ta Umudike ta fitar da ire-irensa a 2012 da 2013. Yana ɗauke da bitamin A mai yawa, yara suna sonsa saboda zaƙinsa, ganyensa ma ana miya da shi.

Wanda yake zaune a gidan haya a cikin gari, ya samu buhu, ya cika shi da ƙasa da taki, ya jera tsakuwa a tsakiya daga ƙasa zuwa sama don ruwa ya ratsa, ya huda gefe-gefe ya dasa. Tsohon bokiti da fasasshen baho ma suna aiki, muddin an huda gindinsu.

Taki da ruwa

Ruwan sama mai yawa yana wanke gishirin ƙasa, ya bar ta da tsami. Maganin wannan shi ne takin gargajiya. A haƙa rami mai zurfin rabin mita a inuwa, a riƙa jera busasshiyar ciyawa da ɗanyen ganye da ɓawon doya da kashin dabbobi da 'yar toka, bene-bene. A yayyafa ruwa, a juya duk bayan mako biyu ko uku. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi ya daina wari, to, ya nuna. Kada a sa leda ko batir ko gilashi. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona shuka, yana kuma iya ɗauke da cuta, saboda haka sai ya ruɓe tukuna. Toka tana rage tsamin ƙasa, amma a yi ta kaɗan-kaɗan.

Da rani kowace murabba'in mita ɗaya tana bukatar kimanin lita biyar na ruwa a rana. Lambu mai murabba'in mita 20 zai sha jarka biyar masu lita 20. A yi ban ruwa da sassafe ko da yamma, a gindin shuka. Shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kan fangali yana rage ƙishin ƙasa sosai, yana kuma danne haki. Ruwan wanke shinkafa ko na wanke ganye yana da amfani a lambu. Ruwan kwata da na masai da mai omo da yawa ba su dace ba ko kaɗan, domin ta nan kwalara da taifot da tsutsar ciki ke shiga gida.

Ƙwari da cututtuka

Rigakafi ya fi magani. Tumatir da barkono da gauta da dankalin Turawa dangin juna ne, cutarsu ɗaya. Kada a maimaita su a fangali ɗaya a jere. Bayan tumatir a sa wake ko albasa ko masara. Idan wani gindi ya yi yaushi farat ɗaya alhali ƙasa tana da danshi, a tuge shi a ƙone shi nesa da lambu. A riƙa zagayawa kowace safiya ana duba bayan ganye, ana tsince tsutsa da hannu. 'Ya'yan darbejiya da aka daka aka jiƙa a ruwa suka kwana, aka tace aka fesa da yamma, suna korar ƙwari da yawa.

Idan ta kama dole a yi amfani da maganin kanti, a nemi shawarar malamin gona, a duba lambar rajistar hukumar NAFDAC, a kuma kiyaye kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba tsakanin feshi da tsinka. An haramta DDT da Gamalin a aikin gona. Kada a zuba ruwan sha ko mai a cikin kwalbar magani, kada kuma a ajiye ta inda yaro zai kai hannu.

Lambun haɗin gwiwa

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Rijiya da shinge da injin ban ruwa sun fi ƙarfin gida ɗaya, amma ba su fi ƙarfin gida ashirin ba. Al'adar gayya tana nan a yankin, haka nan ƙungiyoyin zumuntar mata na majami'u, da makarantun Islamiyya, da 'yan adashi, da ƙungiyoyin matasa. Kowace daga cikinsu tana iya zama uwar lambu.

Abubuwa huɗu ne ke tsare irin wannan lambu daga rushewa. Na ɗaya, a samu filin a rubuce, da sa hannun mai shi da dagaci ko mai unguwa, a faɗi shekarun da aka ba da aro. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da izinin amfani da filayen karkara, saboda haka a sanar da su. Na biyu, kowane mutum ya san fangalinsa, abin da ya noma nasa ne, shinge da rijiya da ramin taki ne kawai na kowa. Na uku, a ajiye littafin kuɗi a hannun ma'aji, a karanta shi a bainar jama'a kowane wata. Na huɗu, a zauna da makiyayan da ke kusa tun kafin a kafa shinge, a bar wa dabbobi hanyar zuwa mashaya. Tsohuwar ma'amala ce manomi ya ba da kara da harawa ya karɓi taki, kuma raya ta riba ce ga kowa.

Lambun makaranta yana da nasa muhimmanci. Yaron da ya shuka alayyafo da hannunsa ba ya ture shi a kwano. Sai dai kada malamai su mai da aikin lambu horo ga mai laifi, don kada yara su tashi suna ƙinsa. A shirya kuma wanda zai yi ban ruwa lokacin hutu.

Daga lambu zuwa tukunya

Ana iya noma ganye mai kyau a ɓarnatar da amfaninsa a madafa. A wanke ganye kafin a yanka, domin wankewa bayan yanka tana tafiya da sinadaransa. A sa shi a ƙarshen girki, kada ya daɗe a wuta, kada kuma a zubar da ruwan da aka dafa shi. Kanwa tana lalata waɗansu bitamin, a rage ta. Ɗan manja ko man gyaɗa ko ƙuli-ƙuli yana taimaka wa jiki ya sha bitamin A. Lemo da gwaiba da tumatir suna taimaka wa sinadarin ƙarfe ya shiga jini, shayi a kan abinci kuwa yana hana shi. Faten acca ko na tsaki da aka cika da yakuwa da alayyafo da gauta da gyaɗa, wanda mutanen yankin suka gada, abinci ne ingantacce. Kwaɗon zogale da na rama haka suke.

Jariri nonon uwa zalla yake bukata har wata shida. Daga nan a fara ba shi kunu mai kauri da aka sa wa dakakkiyar gyaɗa ko waken soya, da dafaffen ganye ko kabewa ko jan dankali da aka murje, ana ci gaba da shayarwa. Mai ciki da mai shayarwa su ne suka fi cancanta da kason farko na abin da lambu ya bayar.

Abin da ya yi rara a shanya shi a inuwa, a kan tabarma mai tsabta, nesa da ƙura da kaji, domin rana tana ƙone bitamin ɗin ganye. Lokacin hunturu ana iya amfani da tukunya cikin tukunya, watau a sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi. Malam Mohammed Bah Abba ne ya yaɗa wannan dabara a Jihar Jigawa, har ta kai shi ga samun lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. A ci a gida tukuna, sa'an nan a kai saura kasuwa.

Inda za a nemi taimako

Hukumar bunƙasa aikin gona ta Jihar Kaduna tana da ofishin shiyya a Samarun Kataf, kowace ƙaramar hukuma kuma tana da sashen aikin gona. Cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, wadda aka kafa a Ibadan a 1975, tana da reshe a Bagauda ta Jihar Kano. Cibiyar wayar da kan manoma ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samarun Zariya tana wallafa ƙasidu da Hausa. Ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi suna ba da shawara a kan abincin yara a ranar awo da ranar allurar rigakafi.

Kammalawa

Kafa lambu ba ya bukatar rance ko babbar na'ura. Fartanya da bokiti da ɗan iri da awa guda a rana sun isa a fara. Ana kira ga magidanta da matan aure, da sarakuna da limamai da fastoci, da shugabannin makarantu da na ƙungiyoyi, kowa ya duba filin da ke kusa da shi. A kafa shinge a haƙa ramin taki a wannan wata, a zuba irin alayyafo a wata mai zuwa. Kafin mako huɗu iyali za su ci daga guminsu. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, ƙasa kuwa ba ta ci gaba sai da al'umma mai ƙoshin lafiya.